Kafin a Ja Katanga a Bakin Teku

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan doki a bakin teku, a gefen wani ƙauyen masunta da ke gaba da Ajah a kan hanyar Epe. Kawuna ne ya ɗauko ni daga ƙasar Gumel, shi ne kuma ya koya mini sana'ar, tun daga yadda ake ɗaure majayi har yadda ake duban zaman baƙo a sirdi a gane ko ya taɓa hawa ko bai taɓa ba. Aikin ba shi da wuyar bayani: a ɗora mutum, a riƙe ragama, a kai shi ƙarshen rairayi a dawo da shi, 'yan'uwansa su ɗauke shi hoto, ya biya. Da shi nake ciyar da iyalina a nan Legas, da shi kuma nake aika na cefane gida. Saboda na yi sakandare kuma ina iya rubuta wasiƙa da Turanci, 'yan'uwa suka ɗora mini sakatarancin ƙungiyarmu a lokacin da maganar katange bakin tekun ta taso, don haka duk takardar da aka rubuta a kanta ta bi ta hannuna.

Bayan Babbar Sallah ta 2023 da 'yan kwanaki, a tsakiyar damina lokacin da bakin teku ba kowa, wasu mutane suka zo da na'urar awon fili suka kakkafa turaku masu jan fenti tun daga bakin titi har inda ruwa ke tsayawa. Ba wanda ya ce mana komai. Sai daga baya muka ji cewa wani kamfani ya karɓi hayar wurin daga dangin da ke da ƙasar, zai gina rumfunan shaƙatawa da ɗakunan kwana da dandalin kiɗa, ya ja katanga, ya sa ƙofar karɓar kuɗi, kuma yana so ya buɗe kafin Disamba.

A daren nan kawuna bai ci abinci ba. Shi a Bar Beach ya fara wannan sana'a, wurin da yanzu aka cike da yashi ake gina sabon birnin Eko Atlantic a kai, kuma tun daga lokacin yake matsawa gabas da dokinsa, duk inda ya kafa turke sai gini ya iske shi. Ya ga yadda aka rushe Maroko, wata unguwar talakawa a bakin ruwa, a 1990. Ni ma da wayona aka tashi mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017, aka kuma kwashe mazauna Tarkwa Bay a watan Janairun 2020. Ba duka ne aka yi da sunan yawon buɗe ido ba, domin a Tarkwa Bay dalilin da hukuma ta bayar shi ne fasa bututun mai, amma talakan da ke zaune a bakin ruwa a Legas ya san cewa da zarar idon masu kuɗi ya faɗa kan rairayin da yake kwana, to zamansa ya zama na wucin gadi. Duk da haka dole in faɗi gaskiya, ba mu ƙin baƙi, kuma ba mu ƙin a gyara wurin. Baƙi su ne abincinmu. Abin da mai doki ke samu a makonni uku na ƙarshen shekara, lokacin da 'yan Najeriya mazauna Ingila da Amurka ke cika gari, wanda samari ke kira Detty December, shi ke riƙe shi har ƙarshen damina. Abin da muke tsoro shi ne a yi gyaran da zai jawo baƙi ninki goma, mu kuma mu tsinci kanmu a bayan katanga muna jin kiɗa.

Wurin Sarkin Hausawan yankinmu muka fara zuwa, ni da kawu da liman. Bayan gaisuwa kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, kuka muka kawo, ana shirin raba mu da wurin neman abincinmu." Sarki ya saurare mu har muka gama, sannan ya yi tambaya ɗaya tak: "Ku nawa ne?" Muka dubi juna. Kawu ya ce muna da yawa. Sarki ya ce ba zai iya ɗaukar "da yawa" ya kai gaban kowa ba, mu koma mu ƙidaya kanmu, mu dawo masa da takarda.

Wannan ƙidaya ta ba ni wahala fiye da yadda na zata. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ja layuka: suna, garin asali, sana'a, shekarar zuwa, lambar waya, yawan waɗanda mutum ke ciyarwa, da launin doki ga mai doki. Masu tsire da masu shayi da dukawa masu sayar da takalma da jakunkunan fata duk suna ciki. Da yawa suka ƙi ba da suna a karon farko, wasu suna zaton haraji ne, wasu suna zaton 'yan sanda za a miƙa wa. Ana cikin haka aka yi juyin mulki a Nijar a ƙarshen Yuli, aka rufe iyaka, sai 'yan'uwanmu mutanen Maradi da Damagaram suka ƙara ja da baya, domin kowa yana gudun a ce ga jerin baƙin haure. Sai da liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya ce littafin zai kwana a hannunsa ba a hannun kowa ba, sannan mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya da daddare. Da na gama muka tashi da mutum 64 da dawakai 19. Abin da littafin ya nuna mini wanda ban lura da shi ba a da shi ne, yawancin samarin da suka shigo cikinmu kwanan nan tsofaffin 'yan acaba ne, waɗanda suka rasa aiki tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Eti-Osa. Ma'ana, wannan ɗan rairayi shi ne madogarar ƙarshe ga mutanen da aka riga aka tasa daga wata sana'ar.

Sarki ya duba littafin, ya ce yanzu sai mu je wurin Baale, wato mai garin ƙauyen, domin mu baƙi ne kuma ba a tsallake mai masauki. Ya haɗa mu da wani yaro haifaffen Agege wanda Yarabanci ya zauna a bakinsa, ya yi mana tafinta. Muka ɗauki goro da katan ɗin lemo muka tafi da la'asar.

Na shiga gidan ina zaton za a tausaya mana, amma ba haka aka yi ba. Baale ya tara dattawan masunta, wasu 'yan ƙabilar Egun wasu 'yan ƙabilar Ilaje, ya kuma kira shugabar mata masu bandar kifi, wata tsohuwa da hayaƙi ya riga ya rine mata idanu. Ita ce ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara da shekaru dawakanmu suna tattake tarun da aka shanya, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce a yi haƙuri, balle ya biya kuɗin ɗinki. Ta ce kashin doki yana zube a inda jikokinta ke wasa, kusa da inda ake shanya kifi, ƙuda na tashi daga nan su sauka can. Ta ce sau uku burtsatsen gari yana lalacewa ana karo-karo, muna ɗiban ruwa mu shayar da dabbobi, amma ko sisi ba mu taɓa sawa ba, haka ma kuɗin 'yan sintirin dare. Ta ƙare da cewa yau da wuta ta zo gemunmu mun tuna akwai mai gari. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, sai kawu ya dafa gwiwata. Ya ce wa tafinta, "Faɗa wa Mama, duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma mun yi kuskure." Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Har yau ina ganin cewa da a wannan rana mun tsaya kare kanmu, da maganar ta mutu a nan.

Daga nan ne suka buɗe mana nasu cikin. Turakun da aka kafa sun ratsa hanyar da suke bi daga gari zuwa inda suke jan jiragensu kan rairayi. In katanga ta tashi a kan layin nan, masunci zai yi zagaye mai nisa da injin jirgi a kafaɗa, mata kuma da bahon kifi a ka. Suna kuma tsoron a wayi gari a ce hayaƙin banda yana damun baƙi. Ashe damuwarsu ta fi tamu girma, domin mu muna iya kwance turke mu matsa, su kuwa nan aka binne iyayensu. Muka amince mu biya bashin karo-karon da ke kanmu kashi-kashi, muka mayar da turakun dawakai bayan gari, muka tsara sharar rairayi kowace safiya bi da bi. Kashin dokin da ya zama abin faɗa muka riƙa tarawa a buhu muna sayar wa masu lambu da masu renon furanni a bakin titi.

Wani matashin lauya da ke taimaka wa al'ummomin bakin ruwa ne ya zauna da mu ya yi mana bayanin da ba mu so ji ba. Ya ce a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma mu masu dawakai ba mu da wata takarda da za mu ɗaga a kotu. Ya ce ƙarfinmu yana wani wurin ne: kamfanin yana bukatar zaman lafiya da maƙwabta, yana bukatar dawakai da ɗanyen kifi da tsire, domin su ne abin da baƙo ke baro Ikoyi, unguwar masu kuɗi, ya zo nema, kuma yana tsoron duk wani abin da zai hana shi buɗewa a Disamba. Na tambaye shi ko za mu yi wa ƙungiyarmu rajista mu sa hannu da sunanmu. Ya ce rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni tana bukatar a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin da za a kashe, lokaci kuwa ba ya jiranmu. Shawararsa ita ce mu shiga ƙarƙashin ƙungiyar raya unguwa ta ƙauyen, wadda ake kira CDA, tunda tana da rajista da ƙaramar hukuma, a liƙa jerin sunayenmu a bayan yarjejeniya. Wasu daga cikin samarinmu ba su so haka ba, suna ganin mun miƙa wuya ga Yarbawa. Ni kam na goyi baya, domin na riga na ga cewa bakin mutum 64 marasa takarda ba zai kai ko'ina ba in ba a haɗa shi da na masu gari ba.

Na rubuta wasiƙa, lauya ya gyara, Baale da shugaban CDA da Sarkinmu suka sa hannu. Na kai wa kamfanin, na kai kwafi ofishin ƙaramar hukuma da ma'aikatar yawon buɗe ido ta jiha a Alausa da ofishin 'yan sandan yankin. Abin da lauya ya nanata mini, wanda nake so duk mai bin irin wannan hanya ya riƙe, shi ne kada in baro kowane ofis sai an buga wa kwafina hatimin karɓa da kwanan wata. Mako uku ba amsa. Tifofi suna ta sauke yashi da bulo, an kuma janye tallafin mai tun ƙarshen Mayu, kuɗin dusa da harawar da ake kawo mana daga Arewa ya tashi, zukata sun yi zafi. Wani dare samari suka yi shirin tumɓuke turakun su zuba a teku. Liman ya tare su a bakin masallaci, ya ce duk wanda ya taɓa turke ɗaya ya ba wa wanda ke neman dalilin korarmu dalili. A ƙarshe Baale ne ya bi ta wajen dangin da suka ba da hayar, ya tuna musu cewa su ma a garin nan za su ci gaba da zuwa biki da jana'iza, sai ga kira daga manajan kamfanin.

A zaman farko manajan ya buɗe kwamfuta ya nuna mana zanen yadda wurin zai kasance. Na daɗe ina kallon zanen nan. Akwai fararen dawakai guda biyu a bakin ruwa, akwai jirgin masunta an yi masa fenti an ajiye shi don ado, amma babu masunci, babu mai jan doki, babu hanyar gari. Ban ɗauki manajan mugun mutum ba. Ya faɗa mana a fili cewa akwai bashin banki a kansu, kuma baƙi suna biyan kuɗi ne don su huta, ba don yara biyar su kewaye su kowa yana jan rigarsu zuwa dokinsa ba. Wannan ma gaskiya ce, na sha gani da idona.

Maganar hanya ita ta fi cin lokaci. Da farko ya ce ba za a iya ba, domin zane ya riga ya kammala. Sai wani dattijon masunci ya roƙe shi abu ɗaya, ya zo da asuba ya tsaya ya gani. Ya zo da injiniyansa, gari bai gama wayewa ba. Suka tarar da layi biyu na maza suna jan igiyar taru daga teku, ƙafafu sun nutse a yashi, suna waƙa suna ja da baya taku ɗaya-ɗaya, na ƙarshen layi ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Mata sun jeru da bahuna suna jira, yara suna tsintar ƙananan kifin da suka zube. Can sai ga mutum biyu sun ratso ta tsakanin jajayen turakun nan da injin jirgi rataye a sanda, wata mai ciki tana biye da su da jarkar mai a ka. Injiniyan bai ce komai ba, ya ciro tef ɗinsa ya auna faɗin da suka ci. Aka tsaya a kan mita huɗu, a bar hanya tsakanin katanga biyu, a kuma bar musu ƙarshen rairayi ta gabas don jiragensu. Sai kuma kamfani ya ce zai sa ƙofa a hanyar, ana kulle ta da dare saboda tsaro. Masunta kuwa tun ƙarfe uku ko huɗu na dare suke fita. Zama uku muka yi a kan wannan ƙofa kaɗai, kafin aka yarda a bar hanyar a buɗe, a sa fitila, 'yan sintirin gari su riƙa kula da ita. Na dage sai an rubuta faɗin da lambobi an kuma zana ta a taswirar da za a liƙa, domin "za a bar musu hanya" magana ce da kowa zai iya fassara ta yadda ya ga dama bayan shekara ɗaya.

Batun ƙara ya zo da abin da ba mu shirya masa ba. Mun nemi a juya manyan lasifikoki su fuskanci teku, a rage sauti bayan sha biyun dare in ban da wasu 'yan darare na Disamba da za a sanar tun da wuri, a kuma sassauta lokacin huɗubar Juma'a da lokacin ibadar cocin gari. Manajan ya yarda, amma ya ce baƙinsa ma suna barci da asuba, kuma hukumar kare muhalli ta jiha, LASEPA, ba gidajen rawa kaɗai take rufewa saboda ƙara ba, har da wuraren ibada. Kowa ya juya ya dubi liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne abin yi?" Ya yi shiru, sannan ya ce za a juya amsa-kuwwar masallaci ta fuskanci gari a kuma rage ta, domin waɗanda ake kira suna kusa, za su ji. Wasu sun yi gunaguni, amma ba wanda ya ja da shi.

A kan dawakai kamfani ya so ya zaɓi takwas ya sallami saura. Muka ce a'a, dukansu za su riƙa shiga bi da bi, kowa da ranarsa da katin shaidarsa. Abin da muka bayar a madadin haka ya yi mana ciwo. An kafa allon farashi a bakin ƙofa, ciniki ya ƙare, ribar da ake samu a wurin baƙon da bai san gari ba ta tafi. An hana bin baƙo, sai dai ya zo turke da ƙafarsa. An kuma ce sai likitan dabbobi ya duba kowane doki. Da ya zo ya ɗaga sirdi, ya sami uku da miki a gadon baya, kuma ɗaya daga cikinsu nawa ne. Na san da mikin, na daɗe ina rufe shi da tsumma a ƙarƙashin sirdi ina cewa sai bayan Sallah zan hutar da shi. Likitan ya sa yatsa kusa da wurin, dokin ya zabura, fatar jikinsa tana rawa. Mako shida ya yi a turke ba na samun ko kwabo da shi, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa. In muna neman a duba haƙƙinmu, dabbar da ke ɗaukar nauyinmu ita ma tana da nata a kanmu.

Akwai inda muka yi nasara ba tare da wahala ba. An ɗauki 'ya'yan masunta aikin ceto, domin su ne suka san inda ruwa ke ja da mutum zuwa ciki, kuma da ma su ke tsamo baƙi ba a biyansu. An ja famfo ɗaya daga burtsatsen kamfani zuwa wajen katanga, an sa motar kwashe shara ta riƙa ɗaukar ta gari tare da ta kamfani. Mama shugabar masu banda ta kawo wata magana da ba ta zo wa kowa ba, ta ce ta ga yadda ake shiga da baƙi Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa, a kwale-kwale suna ɗaukar hoton yara da ɗakunan mutane, ita ba ta yarda a yi wa jikokinta haka ba. Aka rubuta cewa baƙo ba zai shiga gari ba sai da ɗan rakiya daga cikin 'yan gari, ba zai ɗauki hoton kowa ba sai da izini, kuɗin rakiyar kuma ya shiga asusun CDA. Inda muka faɗi shi ne wurin masu tsire da masu shayi. Kamfani ya riga ya ba da kwangilar abinci, mutum biyu kawai aka bari a ciki, saura sai bakin titi. Dukawa sun sami rumfa ɗaya suna raba ta. Mun nemi yarjejeniyar shekara biyar, aka ba mu biyu.

A watan Nuwamba aka sa hannu a ƙofar gidan Baale. Aka karanta takardar da ƙarfi da Yarabanci da Egun, ni kuma na karanta ta da Hausa sakin layi bayan sakin layi, waɗanda ba su rubutu suka dangwala yatsa.

Disamba ta zo da jama'ar da ban taɓa ganin irinta a wurin ba, kuma duk da allon farashi, yawancin masu dawakai sun samu fiye da na Disambar da ta gabace ta. Amma takarda ba ta tsare kanta. A mako na biyu masu gadin ƙofa suka fara tare matan gari da ke bi ta bakin ruwa suna neman kuɗin shiga, kiɗa kuma ya kai asuba a dararen da ba a sanar ba. Abin da ya cece mu shi ne wani ɗan sakin layi da lauya ya sa wanda ban ba shi muhimmanci ba a lokacin, cewa za a riƙa zama sau ɗaya kowane wata, kuma kowane ɓangare zai riƙe littafin ƙorafi. Na riƙa rubuta rana da lokaci da sunan shaida. Su ma suna da nasu a kanmu, har aka dakatar da samarinmu biyu na mako guda saboda bin baƙi, kuma mu da kanmu muka zartar da hukuncin. Da gwamnatin jiha ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024, a irin wannan zama ne aka shirya yadda masu abincin bakin titi za su koma takarda da ganye ba tare da an kwashe musu kaya ba.

Abin da yarjejeniyar ba ta taɓa ba, kuma shi ne ya fi cin mutane, shi ne haya. Da wurin ya yi suna, masu filaye a gari suka ga cewa ɗakin da ake ba baƙo na kwana uku ya fi wanda ake ba talaka na shekara kawo kuɗi. Aka fara rushe gidajen katako ana gina ɗakunan haya na 'yan kwanaki. Mai gidan da nake ciki ya ce in tashi cikin wata ɗaya. Lauya ya nuna mini cewa a dokar haya ta jihar Legas ta 2011, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, kuma da yake ina ajiye rasit ɗina, na sami watannin nan. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa karɓar rasit ba, suka tashi a cikin mako biyu. Yanzu ina zaune can cikin tudu, ina jan doki kusan minti arba'in kafin in iso ruwa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, har 'ya'yan masunta da suka yi aure sun kasa samun ɗaki a garin da aka haife su, wasu sun koma wajen Epe. A ganina wannan ne babban kuskuren da muka yi a zaman farko: mun tsaya a kan inda za mu yi aiki, ba mu yi maganar inda za mu kwana ba.

A watan Afrilun 2024 aka fara rushe wuraren shaƙatawa a bakin tekun Oniru saboda babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, wadda kashinta na farko ya nufo wajen Eleko, wato ta ɓangarenmu. A makon nan manajan ya fito daga ofishinsa ya zo ya zauna a tabarmar kawu, yana tambayarsa ko ya ji inda layin zai bi. Kawu ya zuba masa shayi, suka daɗe suna kallon ruwa. Allah ya sa hanyar ba ta ci wurin ba, amma ta ƙara wa filayen gari tsada, ta kuma ƙara saurin gine-gine.

Yanzu wa'adin shekara biyu ya zo ƙarshe, mun fara shirin sabuntawa. Na sake ɗaukar littafin nan na bi mutane, na tarar sunaye 13 sai an soke su, wasu sun koma gida, wasu sun matsa gabas. Kawu yana cikinsu, ya sayar da dokinsa ya koma Gumel bayan azumi. Abu na farko da muka sa a sabuwar takarda shi ne a ware fili a bayan katanga don turakun dawakai da 'yan ɗakuna masu tsayayyen kuɗin haya ga masu aikin bakin ruwa, Bahaushe ne ko Ba'egune, a kuma riƙa cire wani kaso daga kuɗin ƙofa ana zubawa a asusun gari maimakon kyautar ƙarshen shekara da ake bayarwa in an ga dama. Manajan ya ce zai kai wa masu kamfani, Baale ya ce sai dangin da ke da ƙasar sun yarda. An sa zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mama ta aiko jikanta ya faɗa mini cewa kafin a shiga maganar kuɗi, in fara karanta sunayen waɗanda suka tashi, namu da nasu, ta kuma haɗo shi da jerin nata a rubuce a bayan kwalin sabulu. Na kwafe su cikin littafin jiya da dare.